Sharhi: Kafin Ka Sa Manhaja A Wayarka, Tambayi Wane Ne Maigidanta

Tun daga watan Afrilun 2025, lokacin da Shugaba John Dramani Mahama ya sa hannu aka soke harajin nan na tura kuɗi ta waya da ake kira E-Levy, masu tallar manhajojin kasuwanci suka ƙara samun bakin magana a kasuwanninmu na arewacin Gana. Duk wanda yake zaman rumfa a Salaga ko Yendi ko Bawku ya san irin samarin da muke nufi, masu riguna iri ɗaya da waya a hannu. Wannan ya ce tasa manhajar za ta riƙe maka littafin bashi, wancan ya ce tasa za ta ba ka rance cikin minti biyar, wani kuma ya ce tasa tana da ƙirƙirarriyar basira, wato AI, wadda za ta gaya maka lokacin saye da lokacin sayarwa. Ko ba ka gamu da su ba, abin ya riga ya shigo aljihunka, domin tun watan Afrilun 2024 kamfanin Meta ya sa Gana da Najeriya cikin ƙasashen da ya buɗe wa Meta AI a cikin WhatsApp.

Masu bugo mana waya a shirinmu na kasuwa a gidan rediyo tambayarsu kusan ɗaya ce: wacce ce ta fi kyau? Mu kuwa a ganinmu akwai tambayar da ta riga wannan, kuma kakanninmu fatake sun daɗe da saninta.

Idan mai karatu bai manta ba, Salaga ta yi zamani tana babbar kasuwar goro ta wannan yanki. Ayarin Hausawa kan ɗauko goron Asante daga nan, su bi ta Yendi da Sansanne Mango da ƙasar Borgu, su ƙetare Kwara, sai bayan watanni su isa Kano. Baƙon falke da ya sauka Salaga bai san kowa ba, ba ya jin Gwanjanci balle yaren Asante, amma yana ɗauke da dukiyar mutane. Abin da ya fara nema shi ne maigida. Maigida ne zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya yi masa tafinta, idan kuma ciniki na bashi ne ya tsaya a tsakani, sannan ya karɓi la'adarsa. Abin da ya sa falke yake sakin jiki da shi kuwa shi ne, maigida yana da gida da iyali da suna a zango, ba zai iya naɗe su ya gudu cikin dare ba. Yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar Salaga, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da sauran garuruwa, amma tsarin maigida ya bi su, har yau kuma da shi ake cinikin shanu da albasa da doya.

To duk ayyukan nan na maigida su ne manhajojin yau suke cewa za su yi mana: ajiya, tafinta, neman mai saye, lamuni. Saboda haka sai a yi musu tambayar da ake yi wa maigida. Ina gidanka? Wa ya san ka? Idan kaya suka ɓace, wa za mu riƙe?

Mu fara da masu taɓa kuɗi, domin nan ne ake kuka. A ƙasar nan akwai dokar harkokin biyan kuɗi ta 2019, mai lamba 987, wadda ta ce duk kamfanin da zai riƙe kuɗin mutane a waya ko ya tura su sai ya samu lasin daga Babban Bankin Gana. Bankin yana wallafa sunayen waɗanda ya ba lasin, yana kuma da reshe a Tamale. MoMo na MTN, wanda aka fara a 2009, da Telecel Cash da AT Money duk suna ƙarƙashin wannan kulawa, kuma tun watan Mayun 2018 ana iya tura kuɗi daga wannan layi zuwa wancan. Ba mu ce ba su da aibi ba, amma dai suna da ofis da za ka je ka ɗaga murya.

Sai a gwada da labarin Dash. Wannan kamfani ne da ya zo da alkawarin da zai faranta ran duk wani ɗan kasuwar kan iyaka: asusu ɗaya a waya da zai haɗa kuɗin ƙasashe daban-daban. Masu zuba jari na ƙasashen waje sun ba shi kimanin dalar Amurka miliyan 86. A watan Maris na 2022 Babban Bankin Gana ya umarce shi ya dakatar da aiki saboda ba shi da izini, a watan Oktoban 2023 kuma kamfanin ya rufe gaba ɗaya. Yawan kuɗin da aka zuba da kyan tallar da aka yi ba su tsayar da shi ba. Muna kawo wannan ne domin buƙatar da Dash ya ce zai biya tana nan. Mai albasa a Bawku yana karɓar sidi, amma a Sinkase ko cikin Burkina Faso sefa ake so, ta Flooz ko Orange Money ko Moov Money, shi ya sa za ka ga mutum da layi biyu ko uku, kuma duk da haka sai ya bi ta hannun ɗan canji. An ƙaddamar da tsarin PAPSS a Akra a watan Janairun 2022 domin biyan kuɗi tsakanin ƙasashen Afirka da kuɗaɗen gida, sai dai ta bankuna yake bi, ɗan tireda kuwa ba kullum yake da harka da banki ba. Muddin wannan giɓi yana nan, wasu za su ci gaba da zuwa da alkawarin cike shi, kuma ba dukkansu ne masu lasin ba.

Manhajojin rance kuwa sun fi muni. A watan Yunin 2023 Babban Bankin ya fitar da sunayen manhajoji 97 da ke ba da rance ba tare da lasin ba, a watan Yuli na shekarar kuma jami'an hukumar yaƙi da laifukan tattalin arziki ta EOCO da abokan aikinsu suka kama mutum fiye da 400 a Akra kan wannan harka. Yadda abin yake aiki ya kamata kowa ya sani. Lokacin da kake sa manhajar, za ta nemi izinin ganin lambobin da ke wayarka da hotunanka, kai kuma kana sauri sai ka danna ka yarda. Ranar da ka makara da biya, ko da kwana ɗaya ne, sai saƙo ya tafi wa surukinka da limaminku da maigidanka na Kumasi cewa kai ɓarawo ne. Ɗan kasuwar da ake ba kayan miliyoyi da baki kawai, ba takarda ba shaida, jarinsa na gaskiya sunansa ne, sai ga shi ya jinginar da shi a kan sidi 500. Duk manhajar da ta nemi ganin lambobin mutanenka alhali aikinta bai shafe su ba, wannan kaɗai ya isa a goge ta. Wanda kuma aka riga aka fara yi wa barazana, hukumar tsaron intanet ta ƙasa tana da lambar kira, 292.

Akwai kuma masu sa wa tsohuwar damfara sabuwar riga. Mutanen arewa ba su manta da DKM ba, wanda ya durƙushe a 2015 da kuɗin jama'a, haka Menzgold a 2018. A watan Afrilun 2025 'yan'uwanmu na Najeriya suka ga nasu, CBEX, wanda ya ce ƙirƙirarriyar basira ce take juya kuɗin har su ninka cikin wata guda. Da zinariya aka yi romon baka, yanzu da AI. Mu dai abin da muka sani, na'urar da ke iya ninka kuɗi cikin wata ɗaya, mai ita ba zai zo kasuwar Yendi neman sidi dubunka ba.

Abu na biyu shi ne, me zai faru ranar da hanya ta yanke? A ranar 14 ga Maris 2024 manyan igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Gana ta kwana ta wuni cikin matsalar intanet, hukumar sadarwa ta ƙasa ta ce cikakken gyara zai ɗauki akalla mako biyar. Kiran waya na cikin gida ya ci gaba, amma duk abin da ya dogara da kwamfutocin Turai da Amurka ya yi ta tangal-tangal. Mu a nan ba ma sai teku ta yi fushi ba. Direban da ya ɗauko doya daga ƙauyukan Salaga zuwa bakin ruwa a Makango, ko mai shanu a hanyar Yendi zuwa Tatale, ya san wuraren da sabis yake ɗaukewa, ga kuma ɗaukewar wuta. A Bawku kuwa, rikicin sarautar da ya sake tashi a ƙarshen 2021 ya jawo dokar hana fita da hana hawa babur a lokuta daban-daban, wanda hakan ya sa waya ta ƙara daraja, domin yawo da tsabar kuɗi ya zama kasada, amma kuma idan mai shagon MoMo ya rufe da wuri, kuɗinka na cikin waya ba za su saya maka buhu ɗaya a hannun manomin da ke son tsaba ba. Saboda haka kafin ka amince da manhaja, kashe data ka buɗe ta. Idan littafin bashinka bai fito ba, ka san cewa littafin ba a hannunka yake ba. Abin da ke aiki a ƙaramar waya da lamba irin *170# ya fi dacewa da hanyoyinmu fiye da wanda sai babbar waya da cikakken sabis. Shi kansa Babban Bankin, da ya tashi gwada kuɗinsa na zamani eCedi a 2022, sai da ya kai shi Sefwi Asafo ya ga ko zai yi aiki ba intanet.

Yanzu sai mu zo kan ita ƙirƙirarriyar basirar, irin su ChatGPT da ya fito a watan Nuwamban 2022 da Meta AI da Gemini na Google. Ya kamata a fahimci yadda take. An ciyar da ita rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, ta koyi yadda kalma ke bin kalma, shi ya sa take iya tsara magana mai daɗi a kan komai. Ba ta taɓa shiga kasuwar Bawku ba, kuma idan ba ta san abu ba, sau da yawa sai ta ƙirƙiro amsa ta faɗe ta da ƙarfin hali kamar dillalin da ba ya son a ce bai sani ba. Mafi yawan abin da ta karanta Turanci ne. Hausar da ta gani kaɗan ce, ita ma yawanci ta Kano ce da ta gidajen rediyon ƙasashen waje, alhali tamu ta zango ta sha ruwan Twi da Dagbanci da Kusasanci da Faransanci.

Inda abin yake da haɗari shi ne lissafi, domin mu muna da namu ƙidayar. Tun watan Yulin 2007 aka cire sifili huɗu daga sidi, amma har gobe idan dattijo ya ce miliyan ɗaya, sidi 100 yake nufi. Ka rubuta wa na'ura miliyan ɗaya, ita miliyan ɗayan za ta ɗauka. A ƙetaren iyaka, Bahaushen Nijar ko na Togo idan ya ce dala, sefa 5 yake nufi, dala ashirin sefa 100 ke nan, jaka kuma sefa 1,000. Na'urar fassara kuwa tana iya mayar da dalar nan ta Amurka ba tare da ta yi ko tari ba. Ƙwaryar goro ko ta doya ɗari ce a wurinmu, a wurinta kuwa mai yiwuwa ƙwaryar shan fura. Buhun albasa ma ba ɗaya ba ne, akwai na Galmi, akwai na gida, akwai wanda aka yi wa hula. Mutumin da ya aika saƙon murya ya ce a fassara wa abokin cinikinsa na Wagadugu, bai kuma sa wani mai jin Faransanci ya duba ba, yana iya ƙulla cinikin da bai san da shi ba.

Haka batun canji. A farkon 2025 dalar Amurka ta haura sidi 15, zuwa watan Yuni ta sauko kusan sidi 10 da ɗoriya. Wanda ya tambayi na'urar da iliminta ya tsaya a bara nawa ne canji, ya kuma yanke farashi a kai, ya yi cinikin biri a sama. Ko a 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar da takunkumin ECOWAS, lokacin da motocin albasa suka maƙale a hanya farashi ya tashi a kasuwannin kudu, labarin ya fara zuwa ne daga bakin direbobi da yaran mota.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da ita. Mun ga amfaninta da idonmu. Tana rubuta wasiƙar neman rumfa zuwa majalisar gunduma da Turanci mai tsabta, abin da a da sai ka biya marubuci a bakin gidan waya. Tana iya karanta takardar kwastan ta Faransanci ta ba ka ma'anarta a dunƙule kafin ka samu wanda zai tabbatar. Tana tsara tallar kaya da za ka sa a WhatsApp Business. Google Translate yana da Hausa tun 2013, ya ƙara Twi da Ewe a 2022, akwai kuma Khaya, manhajar fassara da 'yan ƙasar nan suka yi, wadda ta haɗa har da Dagbanci. A duk waɗannan ayyuka, idan ta yi kuskure za ka iya ganewa kafin kuɗi su fita. Wannan shi ne ma'aunin da muke ba da shawara: a ba ta aikin da idan ta ɓata, gyaransa ba ya cin jari.

Gwajin kuwa ba shi da wuya, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ɗauko lissafin kasuwar da ta wuce, wanda ka riga ka san ribarsa da faɗuwarsa, ka ba ta da irin bakin da kake magana, da miliyan ɗinka da jakarka da ƙwaryarka. Idan ta fito da abin da ke littafinka, ka sake gwada ta da wani. Idan manhajar ajiye lissafi ce, ka yi kasuwa uku ko huɗu kana rubutawa a waya kana rubutawa a takarda, ka ga inda za su saɓa. Sannan ka tambayi mai tallar, a gaban mutane: in na fasa, yaya zan kwashe lissafina in tafi da shi? In wayata ta faɗa ruwa a jirgin Yeji fa? Wanda ya fara kame-kame a nan, ka san inda aka dosa.

Batun kuɗin amfani ma a duba shi da idon ɗan kasuwa. Mun ga yadda E-Levy ta yi da ta zo a watan Mayun 2022 da kashi 1.5 cikin ɗari, kafin a rage ta zuwa kashi 1 a Janairun 2023: tura sidi 5,000 yana cin kusan sidi 75 na haraji kaɗai ban da kuɗin kamfani, mutane da yawa suka koma tsaba. Wato ɗan kasuwa ya iya lissafin abin da ake cire masa a fili. Abin da ke wuce shi shi ne na ɓoye: kuɗin wata-wata da ake biya da dalar Amurka, kuɗin data, cajin waya, da wata uku na kyauta wanda sai ka zuba duk lissafinka ciki sannan a ce ka biya ko a rufe. Mai sayar da buhu goma a mako ba ya buƙatar abin da mai tirela biyar yake buƙata, ko da mai talla ya rantse.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Littafin bashi sirri ne, kuma ba naka kai kaɗai ba. A ciki akwai sunan hajiyar da ta karɓi atamfa ba ta biya ba, da malamin da ya ci bashin shinkafa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora nauyi a kan masu tattara irin waɗannan bayanai, amma kamfanin da ke zaune a wata ƙasa ba shi da ko tebur a Akra, wa zai kamo shi? Idan za ka nemi taimakon AI a kan lissafi, cire sunaye da lambobin waya tukuna. Lambar sirrinka ta MoMo kuwa ba a rubuta wa kowace na'ura, ba a kuma faɗa wa mai kira ko ya ce daga ofis yake. Yanzu har murya ake iya kwaikwaya da na'ura, don haka idan saƙon murya ya zo da muryar maigidanka yana cewa a tura kuɗi wata sabuwar lamba, kashe ka kira shi a lambar da ka sani, ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani.

Mu a ganinmu wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, na ƙungiya ne. Muna da sarakunan zango, da shugabannin 'yan albasa da 'yan doya da 'yan shanu, waɗanda ba a sauke sabon dillali a kasuwa sai da saninsu. Me zai hana a ce duk mai tallar manhaja ya fara zuwa gabansu da takardar lasin, da adireshin ofis, da lambar mutumin da za a kira idan an samu matsala? Me zai hana a zaɓi yara biyu ko uku masu ilimin boko daga cikin 'ya'yan ƙungiya su gwada abin na wata guda su kawo rahoto? Kasuwanci ta waya ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Esoko ta fara tura wa manoma farashin kaya ta saƙon tes tun wajen 2005 da sunan TradeNet, Farmerline ta Kumasi kuma ta zo a 2013 da saƙon murya cikin harsunan gida. Irin waɗannan da suka shekara goma ko ashirin ana ganinsu, ana iya tambayar manoman da suka yi aiki da su. Sabon zuwa kuwa, wanda aka yi jiya da yamma, shi ya kamata ya kawo mai tsaya masa.

A shirinmu na mako mai zuwa mun gayyaci masu shagunan MoMo daga kasuwanni uku domin su yi bayanin yadda ake dawo da kuɗin da aka tura lambar da ba daidai ba, da kwana nawa abin yake ɗauka. Mai tambaya ya tanadi lambar cinikin da ke cikin saƙon tes ɗinsa kafin ya bugo.